Faifan Taba a Barikin Kuza

A Shinkafi aka fara cuta ta, kwana tara bayan na bar Tama. Jakai biyu nake kora, kowane da ɗauri biyu na taba a naɗe cikin tabarmar kaba. Tabar garkarmu ce, ni da babana muka yi mata ban-ruwa da guga tun tana dashe. Sunana Arzika, lokacin ban daɗe da aure ba, kuma saura ƴan shekaru a fara yaƙin Jamus. A shekarar taba ta cika kasuwar Madawa har ba mai tayawa, ga lampo, wato harajin Faranshi, ga gardi, dogaransu, suna bin ƙauyuka suna kwasar samari aikin hanya. Masu dawowa daga ci-rani suka ce a ƙasar Jos akwai leburori ba iyaka suna haƙar kuza cikin sanyi, kuma tabar ƙasarmu ta Adar ba ta kwana a can. Abin da ya ɗora ni hanya ke nan.

A zangon Shinkafi na gamu da wani mutum fari, mai fara'a, yana magana irin tamu. Ya ce shi ɗan Allakaye ne, ya lissafa mini mutanen da na taɓa jin sunansu. Tun da na tsallake iyaka ban ji harshen gida a bakin baƙo ba, sai na sake da shi kamar ɗan uwana. Da rana ta yi ya ce in kai jakaina gulbi su sha ruwa, shi zai tsare kaya. Na dawo na tarar da ɗauri huɗu yadda na bar su, muka yi sallama cikin mutunci. Sai a tashar jirgin Kaura, da mai awon kaya ya ce in kwance ya gani, na tarar ɗauri guda ba nawa ba ne. Taba ce a sama, cikinsa kuwa ganyen dawa ne da ɓawon gyaɗa.

Na zauna a ƙasa. Mai awon Bayarabe ne, dattijo mai tabarau, Hausarsa a karye. Bai yi mini dariya ba. Ya kaɗa kai, ya ce kada in biya jirgi ya ɗauki shara, ya tsince mini ɗan abin da ke da amfani, ya ɗauko igiyarsa ya taya ni ƙara ɗaure sauran ukun. Ya kuma rubuta wata ƴar takarda ya ce in nuna a Zariya, za a nuna mini jirgin da zan canza. A Kaura ɗin na sayar da jakaina. Tsohuwar jakar ta daɗe a gidanmu, da wanda ya saye ta ya ja ta sai ta yi ta waiwaye, ni kuma na juya baya na yi kamar ina gyaran kaya.

Ban taɓa shiga jirgi ba sai ranar. Daga Kaura har Zariya a kan kayana na zauna, ban ci ba, ban yarda na runtsa ba, duk wanda ya yi mini murmushi sai in ƙara riƙe igiya. Daga Zariya muka hau wani ƙaramin jirgi mai hawan duwatsu yana nishi. A wani hawan har mutane suka sauka suna tafiya a gefensa suna hira. Muna ƙara hawa sanyi na ƙara shiga ƙashi, ni kuwa daga ni sai taguwa guda da wani tsohon mayafi.

Barikin da aka kwatanta mini yana bayan Bukuru, tafiyar rabin yini. Bukkoki ne jere-jere a tsakanin tarin jar ƙasa, da ramuka masu zurfin da ban taɓa gani ba, mutane suna hawa suna sauka da kwanoni a ka. Na yi ta tambaya har aka kai ni wurin Baba Nomau, mutumin Sabon Gida, maɗinki ne, ya fi shekara goma a can. Da ya ji daga inda nake sai ya tsayar da kekensa, ya tambaye ni damina, ya tambaye ni ko har yanzu ana cin kasuwar Tama a ƙarƙashin itatuwan nan. Ya ba ni gefen ɗakinsa da buhu biyu in rufa.

Washegari ya sa na sayi goro, ya kai ni gaban sarkin bariki, wani dattijo siriri mai magana a hankali. Ya ba ni wuri a ƙarshen layin masu kayan miya, sannan ya gaya mini dokar wurin. Shekarar da ta wuce wani yaro mai ɗaukar kwano ya sa taba a baki da safe bai ci komai ba, jiri ya ɗebe shi a kan katakon da aka gitta bakin rami, ya faɗa ya karye a ƙugu. Iyaye mata suka taru suka zo ƙofar sarkin bariki. Tun daga ranar aka hana sayar wa yaro taba, ganye ce, gari ce ko sigari. Wanda bai fara biyan haraji ba yaro ne. In mai saye ya sa ka shakka, ka ce ya nuna takardar harajinsa. Wanda ya karya, a ɗauke faifansa, ya bar barikin.

Na amsa da to, amma a raina na ga abin baƙo. A Tama yaro ake aike sayen taba, kuma ba yaron da zai sa ta a baki, don duk inda ya juya akwai wanda ya san ubansa. Da na faɗa wa Baba Nomau haka a hanya, sai ya ce nan ba Tama ba ce. Nan yaro yana karɓar ladan aikinsa a hannunsa ran Asabar, rabin mutanen da ke kewaye da shi kuma ba su san ko ɗan wa ne ba.

Kasuwa ta karɓe ni. Ina daka ganyen da kanwa yadda muke yi a gida, ina kasawa a faifai, mai shan lofe, wato tukunyar taba, kuma in yanka masa. Ran Lahadi, ranar da ba a aiki, kafin azahar faifan ya kusa ƙarewa. Abin da ya dame ni kewa ce. Tuwon acca bai zauna mini a ciki ba sai da na yi wata biyu. Yara suna bina suna kwaikwayon bakina, in na ce tahi su ce tahi, in na ce lahiya su fashe da dariya, suka sa mini suna Ɗan Faranshi. Wata rana wani ya wuce da jaki mai farin hanci, na tsaya ina kallonsa har mai saye ya taɓa ni.

Mu huɗu ne masu taba a kasuwar. Wanda ya fi daɗewa Tanimu ne, kuma zuwana ya rage masa ciniki, don tabarsa ba ta kai tawa ƙarfi ba. Kowa ya san in ɗan doka ba ya kusa yana miƙa wa yara ƙulli ta bayan rumfa. Ni dai ina korar ƙanana, ina jin kaina mai bin doka.

Wata Lahadi wani dogon saurayi ya tsaya gabana cikin jamfa mai faɗi, murya a buɗe. Tun ban tambaya ba ya zaro takarda ya miƙo. Na juya ta sama da ƙasa, na ga tambari, na ga rubutu. Ban iya boko ba, ko baƙi guda. Na mayar masa, na ƙulla masa taba. Haka ya yi ta zuwa har Lahadi huɗu.

A ta biyar ina cikin ciniki sai ga ɗan doka, ya sunkuya ya ɗauke faifan, ya ce in biyo shi. Baba Nomau ya baro ɗinkinsa ya biyo mu. A hanya ya gaya mini abin da ya ji: saurayin nan sunansa Garba, ɗan Heluma Audu ne, shugaban leburorin babban rami. Ya yi amai a bakin lambatu inda ake wanke kuza, uwarsa ta sami batta a wandonsa, Tanimu kuma ya je ya ce a wurina yake saye. Baba Nomau ya rage murya ya ce, "Ce ba ka taɓa ganin shi ba. Maganakka da ta yaro, taka za a ɗauka." Tsoro ne ya sa shi faɗin haka, don ya san in aka kore ni ba ni da jaki, ba ni da wurin zuwa.

A zauren sarkin bariki na ga Garba tsugune a gefe, ba jamfa, sai ƴar singileti. Da ƙyar na gane shi. Tsawo ne kawai, wuyansa da hannuwansa duk na yaro ne, bai wuce shekara goma sha huɗu ba. Ubansa na zaune, ƙato, fuska a ɗaure. Magatakarda ya karanta takardar, sunan Audu ne a jiki. Aka tambaye ni. Na dubi yaron, na ga yana jira in ƙaryata shi, sai na kasa. Na ce na sayar masa sau huɗu, ya nuna mini takarda, ni kuwa ban iya karatu ba.

Sarkin bariki ya dube ni ya ce, "Takarda ka duba. Fuskarsa fa, ita ma ba ka iya karantawa ba?"

Wannan tambayar ta fi kora zafi, don gaskiya ce. Tun ranar farko na lura ba ko gashi a haɓarsa. Na ji shakka, amma da na ga takarda sai na ji daɗi ta ɗauke mini nauyi, na karɓi kuɗina. Haka na faɗa a gaban kowa. Baba Nomau ya sunkuyar da kai, ya ɗauka na gama kashe kaina.

Sai Heluma Audu ya yi gyaran murya. Ya ce takardar tasa ce, jamfar ma tasa ce, daga ɗakinsa aka ɗauke su, saboda haka rabin laifin a gidansa yake, bai ga dalilin da baƙo zai ɗauka shi kaɗai ba. Bai dube ni ba yana maganar. Aka yanke cewa faifaina zai kwana a zauren har kasuwa biyu, in na sake kuwa ko gaisuwa ba za a saurara ba.

Mako biyun nan ba zama na yi ba, ciki ba zai jira ba. Na je aka rubuta ni lebura, kuma a ƙungiyar Audu na faɗa. Na ɗauki kwano daga ƙasan rami zuwa lambatu tun fitowar rana, wuyana ya sage, ƙafafuna suka tsage a ruwan nan mai sanyi. A nan na ga abin da ban gani ba daga bayan faifai. Yaran suna fitowa ba su karya ba, in yunwa ta taso sai wani babba ya ce su sa taba za ta kwanta, wanda ya ƙi a ce masa mace. Na kuma fara sanin mutane: wannan ɗan wane ne, wancan maraya ne yana zaune da yayarsa, wancan gajeren kuwa magidanci ne har da ƴaƴa biyu. Garba yana cikinmu, in muka haɗu a kan katako sai ya kau da kai.

Da aka maido mini faifai na canza tsari. Takarda ina karɓa in duba don kada in wulakanta mutum, amma ba ita nake bi ba. In ban san mutum ba sai in juya in tambayi tsohuwar da ke soya waina kusa da ni, wadda ta fi kowa daɗewa a barikin, rabin yaran a gabanta aka haife su. In ta ɗaga kai in sayar, in ta ci gaba da juya waina in ba shi haƙuri. Masu cewa an aike su sun fi wahala, don wasu da gaske suke. Sai na ce duk wanda aka aiko ya faɗi sunan mai aiken, in kasuwa ta lafa zan kai da ƙafata. Rabinsu a nan suke sulalewa. Ciniki ya ragu, wasu manya suka ji haushi suka ce na cika iyayi, suka koma wurin Tanimu. Shi kuwa bai daina abin da yake yi ba. Ban taɓa kai ƙararsa ba, don kada a ce ramuwa ce, kuma har yau ban tabbata na yi daidai ba.

Bayan kamar wata uku, wata Talata da hantsi, sai ga Garba a gabana. Tun ranar zauren bai tako layinmu ba. Ya tsaya nesa kaɗan ya ce ubansa ne ya aiko shi, Bature ya zo duba rami tun safe, ba halin ya taso, battarsa kuma ta ƙare. Ya rantse. Na duba idonsa na san gaskiya yake faɗi. Duk da haka na ce ba zan sa masa a hannu ba, ya jira mu tafi tare. Na ƙulla tabar, na zuba wata a jaka, na rufe faifan na bar wa tsohuwa.

Yana gaba ina baya har muka wuce bukkoki. Can sai ya tsaya ya ce, "In muka isa tare, kowa zai ce har yanzu ni ɓarawo ne." Ban yi tunanin wannan ba. Na ce masa ni ma sau guda ya rage mini a barikin nan, amma na yi alkawari ba zan bari a ɗora masa abin da bai yi ba.

Mun isa Bature ya tafi, leburori sun zube a inuwar tarin ƙasa suna hutawa. Audu ya gan mu tare, ya ga hannun ɗansa ba komai, fuskarsa ta canza. Ya ce, "Na aiki ɗana, ka maido mini shi hannu wofi a gaban mutanena?"

Na durƙusa na gaishe shi, na ɗaga murya yadda na nesa za su ji. Na ce, "Heluma, ɗanka ya isar da saƙo daidai, ko kalma bai rage ba, kuma na yarda da shi. Ni ne ba a ba izinin sa masa a hannu ba. Ga aikenka."

Audu ya daɗe yana dubana. Sai wani tsohon lebura mai haƙori guda ya ce tunda kasuwa ta tako da ƙafarta, ko akwai saura a jakar. Aka yi dariya. Audu ya karɓi ƙullin, ya buɗe, ya ɗiba ya sa a baki, ya matsa ya ce wa Garba ya zauna kusa da shi ya ci rogo. Da zan tafi ya kira ni ya ce in riƙa zuwa kullum lokacin hutu, hakan zai sa a daina aiken yara gaba ɗaya.

Haka na koma bin ramuka da jaka a kafaɗa. Daga ramin Audu sauran helumomi suka ce in riƙa biyawa ta nasu. Ɗauri ukun da na zo da su suka ƙare tun kafin damina, na fara aika saƙo gida, ƴan ci-rani suna kawo mini sabuwa duk kaka, tare da labarin wanda ya mutu da wanda aka haifa. Na sayi bargo, na saba da acca, yaran ma suka gaji da kwaikwayona. Garba ya bar ɗaukar kwano ya koma wurin masu injin jan ruwa yana koyon gyara. In mun haɗu yakan karɓi jakata ya raka ni wani ramin, a ƙofar rami ya miƙo mini abata. Ban ƙara ganin taba a bakinsa ba, abin da ban gani ba kuma ban sani ba.

Shekara uku na yi. Da yaƙi ya tashi aka fara cewa za a rufe iyaka tsakanin ƙasar Ingilishi da tamu, sai hankalina ya koma gida. Baba Nomau ya ɗinka wa babana riga ya ƙi karɓar ko ƙwandala, ya ce in gaida masa duk wanda ya tuna da shi a Sabon Gida. Audu ya rako ni har Bukuru. A Kaura na sayi jakai uku, na bi hanyar daji na shiga Tama ana shirin shuka.

Bayan an gama gaishe-gaishe an watse, babana ya zaunar da ni a gindin bagaruwar garka. Bai tambayi abin da na samo ba. Ya ce, "Can inda ka tahi, ka cuci wani?" Na ba shi labarin Garba tun daga jamfa har bakin rami. Ya saurara har ƙarshe, ya tambaya ko yaron shina lahiya, na ce lafiya lau. Sai ya ce ya ji na ga uban, na ga sarki, uwar yaron hwa, wadda ta wanke aman, na roƙe ta gafara? Shekara uku ina wucewa ta ƙofarta, ban taɓa tsayawa ba.

Da kaka ta yi na sami wani ɗan unguwarmu mai tafiya can, na ba shi saƙon baki zuwa gare ta, da ƙullin taba mai kyau na Audu. Sai gab da damina ya dawo. Ya ce ya same ta tana tankaɗe, ta saurare shi, ta yi dariya ta ce ta yafe tun ranar da aka gaya mata na taka har rami. Ta kuma ce a gaya mini maigidanta ya fara tari, in ina son zumunci in daina aiko masa taba.

Shekarar da ta biyo, albasa na aika musu, buhu guda.